Litiyom a cikin jajayen ƙwayoyin jini: abin da awon yake nunawa ga mai ciwon sauyin hali

Idan likita ya rubuta maka maganin da ake kira litiyom, ko ya rubuta wa wani naka, to tare da maganin zai ɗora maka wani nauyi, wato zuwa awon jini a kai a kai. Yawancin magunguna ba sa bukatar haka. Shi wannan yana bukata, domin tazarar da ke tsakanin adadin da ke warkarwa da adadin da ke cutarwa ƙarama ce ƙwarai. Awon iri biyu ne. Akwai wanda ake yi a ruwan jini, shi ne aka saba da shi. Akwai kuma wanda ake yi a cikin jajayen ƙwayoyin jini. Masana sun daɗe suna fatan wannan na biyun zai zama alamar da za a gane ciwon da ita. Ya kamata ka san inda fatan nasu ya tsaya, da kuma darasin da ya bari, domin darasin ya shafi mutumin da ke zaune cikin zafin Tawa da ƙasar Adar.

Wane ciwo ake nufi?

Kowane ɗan Adam yana da ranar farin ciki da ranar baƙin ciki. Wannan ba ciwo ba ne. Ciwon da ake magana a kansa shi ne wanda halin mutum yake tashi sama ya wuce kima, ko ya faɗi ƙasa ya wuce kima, kuma ya daɗe a haka kwanaki ko makonni. Likitoci suna kiransa bipola, ma'ana mai fuska biyu.

A fuska ta farko, mutum yakan daina barci amma ba ya jin gajiya. Surutunsa ya yawaita, ya riƙa tsalle daga wannan zance zuwa wancan. Yana ganin kansa ya fi kowa. Yana iya sayar da awakin gida ko hatsin rumbu cikin yini ɗaya, ya rabar da kuɗin. Idan aka hana shi sai faɗa. A fuska ta biyu, sai ka ga mutumin nan ya koma kamar ba shi ba: ba ya magana, ba ya cin abinci, ba ya fita gona, yana ganin kansa ba shi da amfani, har yakan yi tunanin kashe kansa. Tsakanin fuskokin nan biyu yana iya shafe watanni ko shekaru lafiya lau. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum wajen miliyan 40 ne ke fama da wannan ciwo a duniya.

A ƙasar Adar, inda bori yake da tsohon tarihi, sau da yawa akan danganta irin wannan hali da iskoki ko sammu, a fara neman taimako wajen malami ko boka. Ba laifi ba ne iyali su nemi addu'a. Abin da ke da haɗari shi ne ɗaure majinyaci da mari, ko jinkirta kai shi likita har ya salwantar da dukiyarsa ko ransa, alhali ciwon yana da magani.

Mene ne litiyom?

Wani sinadari ne da ake samu a cikin duwatsu da ruwan gishiri. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Johan August Arfwedson, shi ya gano shi a 1817, kuma sunansa ya fito daga kalmar Girkanci mai nufin dutse. Shi ne dai ake sa wa a batirin salula. Amma kada sunan ya ruɗe ka: na cikin batir guba ne, na magani kuwa gishirinsa ne da aka tace, aka auna, aka mai da shi ƙwaya. A ƙasashen da ke amfani da Faransanci an fi sanin ƙwayar da sunan Téralithe.

A 1949 wani likitan ƙasar Ostireliya, John Cade, ya ba da labarin majinyata 10 masu tsananin tashin hali da ya ba su litiyom suka natsu. Daga baya Mogens Schou na ƙasar Denmak ya tabbatar da amfaninsa a 1954, kuma shi da abokin aikinsa Poul Baastrup suka nuna cewa yana hana ciwon dawowa idan aka dinga shan sa. Har yau yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Bincike da dama sun nuna yana rage yawan kisan kai a tsakanin masu wannan ciwo, kuma wajen mutum 1 cikin 3 na masu shan sa suna samun lafiya sosai, su yi shekaru ciwon bai tashi ba.

A shekarar nan ta 1949 kuma wani abu ya faru a Amurka wanda ya kamata ka riƙe. An sayar wa masu ciwon zuciya gishirin litiyom don su riƙa barbaɗawa a abinci maimakon gishirin miya, tunda an hana su gishiri. Wasu suka kamu da guba, wasu suka mutu, hukuma ta hana sayar da shi. Majinyacin Cade na farko ma gubar litiyom ce ta yi ajalinsa a 1950. Daga nan aka fahimci abu biyu: ba a ba da wannan magani da ka, kuma jikin da ya rasa gishiri ya fi tara shi.

Awon da aka saba yi

Ana ɗibar jini sa'o'i 12 bayan shan ƙwayar ƙarshe. Idan ka sha da ƙarfe 8 na dare, to da ƙarfe 8 na safe za a ɗiba, kuma kafin ka sha ƙwayar safe. Wanda ya sha ƙwaya a kan hanyar zuwa awo ya ɓata awon, domin lambar za ta fito sama da gaskiya.

Ana rubuta sakamakon da milimol a kowace lita. A takardun awo na Nijar za ka ga waƙafi a tsakanin lambobin, kamar 0,7. Ga mai shan maganin don kada ciwo ya dawo, yawanci likita yana neman lambar ta zauna tsakanin 0,6 da 0,8. A lokacin da ciwon ya tashi, yana iya bari ta kai 1,0 ko ta ɗan wuce. Daga 1,5 zuwa sama an shiga haɗari. Sama da 2,0 kuwa rai ne a kan siraɗi. Akwai ƙwaya mai narkewa a hankali, ta miligiram 400, wadda lissafinta ya ɗan bambanta da na mai miligiram 250, saboda haka ka nuna wa mai awo kwalin maganinka.

Jiki yana ɗaukar kwana 5 zuwa 7 kafin maganin ya daidaita a cikinsa. Shi ya sa ake awon farko bayan mako guda, a maimaita duk mako har lambar ta tsaya wuri ɗaya, sannan a koma duk wata 3. Kafin a fara, da kuma duk wata 6, ana duba lafiyar ƙoda da ta halittar nan ta gaban wuya wadda idan ta kumbura ake kira maƙoƙo, domin litiyom yana iya taɓa su idan an daɗe ana sha.

Jini ba abu ɗaya ba ne

Idan aka zuba jini a kwalbar awo aka juya shi da na'ura, yakan rabu. Ruwa mai launin ɗorawa ya taso sama, jan abu ya kwanta ƙasa. Jan abun nan shi ne jajayen ƙwayoyin jini, masu kai iskar numfashi ko'ina a jiki. Sun kai kashi 40 zuwa 45 cikin 100 na jinin mai lafiya. Ƙanƙantarsu ta kai a ɗigon da bai fi kan allura ba a samu miliyoyi, kuma kowace tana rayuwa wajen kwana 120.

Awon da aka saba yi ruwan saman nan kawai yake dubawa. Amma litiyom ba a cikin ruwan jini yake aikinsa ba. A cikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa yake yi. Ba kuwa yadda za a tsinke ƙwaƙwalwar mai rai don a auna. Sai masana suka ce: ga wata ƙwaya nan mai sauƙin samu, tana da fata mai ƙofofi kamar yadda ƙwayar ƙwaƙwalwa take da su. Bari mu auna abin da ke shiga cikinta, wataƙila ta ba mu labarin waccan.

Ga yadda abin yake. Ka ɗauki misalin kwalekwalen masunta a tafkin Tabalak. Ruwa yana tsatsowa ta tsagar katako ko ba a so, masunci kuma yana kwarfewa da ƙwarya. Yawan ruwan da za ka tarar a cikin kwalekwalen ya danganta da abu biyu: girman tsagar, da saurin mai kwarfewa. Haka litiyom yake tsatsawa cikin jar ƙwaya a hankali. A fatar ƙwayar kuma akwai wata ƙofa mai fitar da shi. Ƙofar nan musaya take yi, irin ta mai nono da mai hatsi: ta shigo da sinadarin gishiri, wanda ake kira sodiyom, guda ɗaya, ta fitar da litiyom guda ɗaya. An bayyana wannan musaya a tsakiyar shekarun 1970. Wanda ƙofarsa ke da sauri, litiyom kaɗan ne zai zauna a ƙwayoyinsa. Wanda tasa ke da nawa, zai taru da yawa.

Don a kwatanta mutum da mutum, sai a raba lambar cikin ƙwaya da lambar ruwan jini. Misali, idan ruwan jini ya nuna 0,8, ƙwaya kuma ta nuna 0,32, to rabon ya zama 0,4. Wato a duk tiya 10 da ke waje, tiya 4 ce a ciki. Ga yawancin mutane na ciki bai kai na waje ba, amma bambanci tsakanin mutane yana da faɗi. Mutum biyu suna iya samun lamba ɗaya a awon da aka saba, alhali na cikin ƙwayoyin ɗaya ya ninka na ɗayan.

Fatan masana da inda ya tsaya

A 1973 Joseph Mendels da Alan Frazer, masana a birnin Filadelfiya na Amurka, suka ba da rahoton cewa masu ciwon baƙin ciki da litiyom ya yi musu amfani suna da rabo mai yawa fiye da waɗanda bai yi musu ba. Wannan magana ta tayar da ƙura. Idan ta tabbata, to da ɗan jini kaɗan likita zai san wanda maganin zai karɓa, ba sai an shafe shekara ana jira ba.

A birnin Cikago kuma, Elizabeth Dorus da Ghanshyam Pandey da abokan aikinsu suka auna tagwaye. Suka ga tagwaye masu kama ɗaya sun fi kusa da juna a wannan rabo fiye da tagwayen da ba su yi kama ba. Ma'ana, saurin ƙofar nan gado ne. A 1979 suka ƙara da cewa, a cikin dangin masu ciwon bipola, waɗanda su ma suka taɓa yin ciwon hali sun fi sauran dangin yawan rabo. Tunda an san ciwon yana bin dangi, sai aka yi zaton an kama bakin zaren: ga alamar ciwon nan a cikin jini.

Zaren bai yi tsawo ba. Da aka maimaita awon a wasu ƙasashe, wasu suka samu abin da na farko suka samu, wasu ba su samu ba. Aka tarar da masu lafiya ƙalau da rabo mai yawa, aka tarar da majinyata da rabo kaɗan. Alamar da ake samu a jikin mai ciwo da marar ciwo ba ta raba gardama. Aka kuma gano cewa shi kansa litiyom yana rage saurin ƙofar bayan an sha shi na ƴan kwanaki, saboda haka rabon da aka auna a jikin mai shan magani, wani ɓangarensa aikin maganin ne. Wasu magungunan ma suna canza shi. Sannan a 1980 Mitzy Canessa da abokan aikinta a Boston suka nuna cewa ƙofar nan tana da sauri fiye da kima a jikin masu hawan jini da yawa. Ashe ba ta ciwon hali kaɗai ba ce. Jar ƙwayar jini kuma, duk da sauƙin samunta, ba ƙwayar ƙwaƙwalwa ba ce, ko cibiya ba ta da ita.

Saboda haka ka riƙe wannan da kyau: babu awon jinin da ke nuna mutum yana da ciwon bipola. Likita yana gane shi ne ta hanyar sauraron majinyaci da iyalinsa, da bin tarihin yadda halinsa yake tashi yana faɗuwa. Duk wanda ya ce maka zai auna jininka ya gaya maka ko kana da wannan ciwo, kuɗinka yake so.

Awon cikin ƙwaya bai mutu gaba ɗaya ba. A Faransa wasu asibitoci suna yin sa har yanzu, musamman a hali biyu. Na farko, idan ana zaton majinyaci ba ya shan magani sai ana gobe awo: ruwan jininsa zai nuna lamba mai kyau, amma ƙwayoyin ba su samu lokacin cika ba. Na biyu, idan mutum yana nuna alamun guba alhali lambar ruwan jininsa daidai take. Ko a nan ma ra'ayi ya rabu. A 2003 wasu masana a Faransa sun kwatanta awon biyu a jikin masu shan magani da waɗanda suka yi guba, suka ce na cikin ƙwaya bai ƙara wani abin kirki a kan wanda aka saba ba. Masu bincike na yanzu sun fi karkata ga na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, wadda ke iya ganin litiyom a inda yake aiki, da kuma nazarin ƙwayoyin gado. Waɗannan duka suna ɗakin bincike tukuna.

Abin da ya shafi baƙar fata

Akwai wani reshe na wannan bincike da ya fi kusa da mu. A 1980 Samuel Okpaku, likitan ƙwaƙwalwa ɗan asalin Najeriya, tare da Frazer da Mendels, ya ba da rahoton cewa jajayen ƙwayoyin baƙaƙen fata suna riƙe litiyom fiye da na Turawa. A 1995 Tony Strickland da abokan aikinsa a Los Anjalas suka kwatanta masu ciwon bipola baƙaƙe da farare. Lambar ruwan jininsu kusan ɗaya ce, amma rabon cikin ƙwaya ya fi yawa ga baƙaƙen, kuma sun fi kokawa da illolin maganin, kamar kasala da jiri da yawan fitsari.

A Amurka aka yi waɗannan awo, kan mutane ƙalilan, kuma launin fata ba ya gaya wa likita saurin ƙofar mutum guda. Bai kamata a ce don haka litiyom bai dace da ɗan Afirka ba. Wannan zai hana mutane maganin da ke ceton rai. Abin da ya kamata a ɗauka shi ne a fara da kaɗan, a ƙara a hankali, kuma idan majinyaci ya ce jikinsa ba daidai ba, a saurare shi ko da takardar awo ta ce komai lafiya. Takarda ruwan jini ta gani. Shi kuwa abin da ke cikin jikinsa yake ji.

Zafin Adar da ƙodarka

Kusan dukkan litiyom ta ƙoda yake fita daga jiki. Ƙoda kuwa ba ta bambanta shi sosai da gishiri. Duk lokacin da jiki ya rasa ruwa ko gishiri, ƙoda takan yi tattali, ta riƙe gishirin da ya rage, sai ta riƙe litiyom tare da shi. Ƙwayar da ka saba sha ba ta canza ba, amma abin da ke taruwa a jininka ya ƙaru.

To, duba yadda rayuwa take a nan. A watannin Afrilu da Mayu zafin rana a Tawa yakan haura digiri 40. Mai ban ruwan albasa a kwarin Keita ko Tamaske, da mai fasa dutse don tare zaizayar ƙasa, da makiyayin da ke jan guga a rijiya mai zurfi ta wajen Abalak, duk suna zubar da gumi lita-lita a yini, gumi kuwa ruwa ne da gishiri. Da hunturu ma iska busasshiya ce, tana shanye ruwan jiki ba tare da mutum ya ga gumi ba. Ga shi kuma litiyom da kansa yana sa yawan fitsari da ƙishirwa. Mai shan sa bai kamata ya rabu da gorar ruwa ba, kuma kada ya jira sai ƙishirwa ta kama shi. Idan fitsarinka ya yi kaɗan ya yi ja, jikinka na neman ruwa.

Damina tana zuwa da nata haɗarin: zazzaɓin cizon sauro, amai da zawo. Ranar da ɗayan waɗannan ya kama ka da ƙarfi, ka dakatar da ƙwayar litiyom, ka sha ruwan gishiri da sukari, ka nufi likita a ranar. Ka gaya wa duk ma'aikacin lafiyar da ya duba ka cewa kana shan wannan magani, tun kafin ya rubuta maka wani.

Game da gishiri, ka'idar ita ce kada ka canza abin da ka saba. Idan ka rage shi farat ɗaya, litiyom zai hau. Idan ka ƙara shi da yawa, litiyom zai sauka har ciwo ya samu hanyar dawowa. Dunƙulen magi gishiri ne. Kanwa ma danginsa ce, kuma tana sa ƙoda ta zubar da litiyom. Ɗan abin da ake sa wa a miya ko a dafa wake kullum ba damuwa, amma jiƙa kanwa a sha don ciwon ciki, ko yawan shan kunun kanwa, yana iya rikita awo. Shayi mai kauri da goro da kofi su ma suna ƙara fitar da maganin. Wanda ya saba shan shayi zagaye uku sau biyu a yini, idan ya bari gaba ɗaya, lambarsa tana iya hawa. Ya sanar da likita kafin ya bari.

Sai maganar azumi. Yini guda babu ruwa a lokacin bazara babban haɗari ne ga mai shan litiyom, rashin barcin dare kuma yana iya tayar da ciwon kansa. Shari'a ta yi wa marar lafiya rangwame. Tun a watan Sha'aban ka je ka ga likitanka, ka kuma tambayi malaminka, kada ka yanke hukunci kai kaɗai.

Haɗarin da ya fi kowane ɓoyuwa yana kan faifan masu tallar magani a kasuwa da tasha. Ƙwayoyin ciwon jiki irin su ibuprofen da diklofenak, waɗanda manoma da leburori ke saya bayan aikin wahala, suna hana ƙoda fitar da litiyom. Haka ma wasu magungunan hawan jini, kamar masu sa fitsari da kaptopiril da inalapiril. Don ciwon kai ko zazzaɓi, parasitamol ne ya fi aminci. Mai ciwon sikila ya faɗa wa likita tun farko, domin ciwon yana raunana ƙoda, ga shi kuma masu shi suna yawan shan maganin ciwon jiki.

Alamun da ba a jira da su

Ɗan makyarkyatar yatsu, ƙishirwa da ɗan tashin zuciya a makonnin farko abu ne da aka saba gani. Ka faɗa wa likita, amma ba abin tsoro ba ne. Waɗanda ke nuna guba daban suke: hannu yana rawa da ƙarfi har ba ya riƙe moɗa, tafiya da tangaɗi kamar mashayi, harshe ya yi nauyi, gani ya dushe, amai da zawo ba tsayawa, tsoka tana zillo, barci mai yawa, ruɗewa, ko farfaɗiya. Da ganin ɗaya daga cikinsu a tsai da maganin a kai mutum asibiti, ko dare ne. Ƙwaƙwalwa tana jinkirin sakin litiyom fiye da jini, saboda haka mutum yana iya ci gaba da nuna alamun bayan lambar ta sauka. A asibiti ƙarin ruwa ake yi. Idan gubar ta yi tsanani sai wankin ƙoda, wanda manyan asibitoci kaɗai ke yi.

Iyali su san waɗannan alamu fiye da majinyacin, domin wanda ya ruɗe ba ya gane ya ruɗe. A ajiye maganin inda yara ba za su kai ba. Idan majinyaci yana cikin baƙin ciki mai tsanani, wani babba a gidan ya riƙe kwalin, ya riƙa ba shi na kowace rana.

Ke mai shan litiyom, idan kina son haihuwa ki yi shawara da likita kafin ki ɗauki ciki. Wani babban bincike na Amurka a 2017 ya samu lahanin zuciya a jarirai wajen 2 cikin 100 na matan da suka sha shi a farkon ciki, a kan wajen 1 cikin 100 na sauran mata. Haɗarin ya ƙaru, amma bai kai yadda aka zata a da ba. Barin magani shi ma yana da nasa haɗarin, musamman a kwanakin jego, lokacin da ciwon ya fi tashi. Maganin yana shiga ruwan nono, saboda haka shayarwa ma sai da shawara.

Inda awo yake da nisa

Jagoran da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2010 don ma'aikatan ƙananan asibitoci, wanda ta sabunta a 2016, ya ce kada a fara litiyom sai inda za a iya bin majinyaci da awon jini. Wannan ita ce tambayar farko da za ka yi wa likita: a ina za a yi awon, nawa ne kuɗinsa, kuma kwana nawa sakamako yake yi kafin ya dawo? Mutumin Barmu ko Takanamat zai fara daga likitar garinsu, a tura shi babban asibitin jiha a Tawa. Daga Tawa zuwa Yamai kuma, inda babban asibitin ƙasa yake da sashen ciwon ƙwaƙwalwa da aka fi sani da Pavillon E, tafiya ce ta fiye da kilomita 500. Idan lissafin bai fita ba, akwai wasu magunguna: haloferidol da makamantansa don kwantar da tashin hali, karbamazefin ko balfurowat don hana dawowa. Sai dai balfurowat yana yi wa ɗan tayi mummunan lahani, ba a son ba da shi ga mace ko yarinyar da za ta iya ɗaukar ciki.

Idan jinin za a aika wani gari, ma'aikacin awo ya raba ruwan da ƙwayoyin da wuri, domin jinin da ya daɗe a haɗe cikin zafi yana ba da lambar ƙarya. Akwai kuma wata kwalbar ɗibar jini da ake sa wa litiyom a cikinta tun daga masana'anta don hana jini daskarewa. Idan aka yi kuskure aka yi amfani da ita, lambar za ta fito sama ƙwarai ga mutumin da lafiyarsa ƙalau. Sakamakon da ya saɓa wa yadda majinyaci yake, a maimaita shi.

Adarawa mutanen tafiya ne. Bayan girbi samari da magidanta da yawa suna fita cirani zuwa Najeriya, Kodebuwa, Aljeriya ko Libiya. Barin litiyom farat ɗaya yana dawo da ciwon da ƙarfi, sau da yawa cikin ƴan watanni, kuma haɗarin kisan kai yana ƙaruwa a wannan lokaci. Idan za a bar shi, likita ne zai rage shi a hankali cikin makonni. Kafin ka kama hanya, a yi maka awo, ka ɗauki maganin da zai ishe ka, ka nemi likita ya rubuta maka takarda mai sunan maganin, da adadin da kake sha, da lambobin awonka uku na ƙarshe tare da ranakunsu. Ka sa ta cikin leda tare da katin shaidarka, abokin tafiyarka kuma ya san inda take.